Biyu Cikin Goma

Shagona na Majorna, a birnin Goteborg,
tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da kifi.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina yanke wa fuskoki hukunci.

Ba fuskar nake duba ba, in za a bi gaskiya.
Kusurwa huɗu nake bi, ko da kaifi, ko sun dakushe.
In auna farin gefe da rula,
in hoto ya karkata ko da kaurin gashi ne
in zaftare maki, ba sani ba sabo.
Goma ta katin da ba wanda ya so shi ce,
wanda ya fito daga takardar cingam
ya faɗa aljihun tebur, ya tsufa a duhu
ba yatsan yaron da ya taɓa shi.

Ran Talata, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
wata dattijuwa ta turo ƙofa, lemarta na ɗiga.
Ta ce sunanta Gunvor.
Ta dire gwangwanin biskit a kan gilashi:
"Na yayata ne, Majken. Watan jiya muka binne ta.
A duba mini ko za su yi kuɗi."

Na sa safar hannu.
Ga su nan, taurarin silima na da,
maza masu gashin baki siriri kamar zanen biro,
mata masu gira a ɗage, kamar an yi musu tambaya,
wani kaboyi da dokinsa, an buga su sun yi kore.
Duk ƙasa ta rufe idonsu.
Amma na rantse har yau gwangwanin
yana ƙanshin cingam.

Shida. Bakwai. Biyar. Shida.
Sai ta buɗe jaka ta zaro wani daban.

Lamba ɗari da sha huɗu:
mai hular gashin tsuntsu, tana waiwaye.
Sau biyu na taɓa ganin irinsa a wannan shago.
Wannan an ninke shi, karaya ta bi ta wuyanta,
kusurwa ɗaya ta cinye,
ga tsatsar ƙusa a kafaɗarta.
Na juya bayansa ƙarƙashin fitila.
Fensir ya kusa gogewa: T ya ba M.

Na san ƙusar.
Ta takalmina ce, na hagu.
Ina ɗan shekara goma, malama Ahlgren na bin layi
tana ƙwace katuna tana zubawa a murhu,
na ninke shi na tura ƙarƙashin diddige,
na wuni ina taka tauraruwa.
Da aka tashi, wata yarinya mai wushirya
ta tare ni a bakin famfo,
ta ce za ta ba ni sha biyu a kansa.
Na ce riƙe, kyauta ne,
na zura da gudu kamar wanda ya yi sata.
Bazara na zuwa suka ƙaura.
Ko sunan mahaifinta ban sani ba.

"Nawa ya ci?" in ji Gunvor.
Biro ya daɗe a hannuna.
Rula ba ta san kowa ba.
Na rubuta: biyu.

"Ashe ba wani abu ba ne," ta ce.
"Shi kaɗai ba ya cikin gwangwanin.
A cikin fasfo ɗinta na same shi."
Na ce a kasuwa ba zai wuce krona ɗari uku ba.
Ta yi jim, ta mayar da shi jaka.
Sauran ta bar mini, na ƙirga mata kuɗi.

Ban ce mata sunana Torsten ba.
Yana rubuce a ƙofa, ba ta ɗaga kai ba.

Na rufe shago tun ƙarfe huɗu.
Mai kifi yana wanke daɓe, ya tambaye ni
me ya sami ƙafata nake ɗingishi.